Kumburin ciki, raɗaɗi wajen bayan gida da fitar jini: basir ne ko wani abu daban?

Tela Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da sauran masu sani a kan wata lalura da ta dame ni, wadda nake jin nauyin faɗarta ko da a cikin gidana. Ni tela ne, shekaruna 41, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san yadda muke kwana a kan keke idan salla ta gabato. A makonnin da suka gabaci babbar salla abincina bai wuce shayi da burodi da taliyar leda ba, ruwa kuwa sai in na tuna, sannan kusan kullum ina shan maganin ciwon baya da nake saya a kemis domin in iya jure zama. Da salla ta zo kuma aka shiga cin soyayyen naman layya safe da yamma. Tun daga lokacin cikina ya rikice, ga shi yanzu an doshi wata biyu.

Cikin yana kumbura ya yi tam, musamman da yamma, har sai na sassauta tazugen wando, ga yawan gyatsa da iska. Bayan gida yakan ɗauki kwana biyu ko uku bai zo ba, idan ya zo kuma da tauri yake zuwa, sai na yi yunƙuri sosai. Lokacin fitarsa ji nake kamar ana tsaga ni da reza, kuma bayan na yi tsarki raɗaɗin ba ya tafiya, yakan kai awa ɗaya ko biyu yana zugi har in kasa zama a kan keke. Jinin ja ne jawur, ba shi da yawa, ina ganinsa a gefen bayan gidan, wani lokaci ya ɗiga, wani lokaci kuma sai wajen tsarki nake ganinsa a hannu. Saboda tsoron zafin, yanzu ko na ji bayan gida sai in danne.

Na sayi maganin basir a wurin masu talla a mota da lasifika, ya sa ni zawo mai tsanani, jinin ya ƙaru, daga baya cikin ya sake ɗaurewa fiye da da. Wani abokina ya ce in je wurin wanzami a yanke tsiron, amma ni ban ji wani tsiro ba in ban da wata 'yar fata ƙarama a bakin wurin. Shin wannan basir ne? Me ya haɗa kumburin ciki da fitar jini? Akwai abin da zan yi a gida, ko dole sai asibiti? Gaskiya abin da ya hana ni zuwa shi ne kunyar a ce za a duba wurin.

Abu Sumayya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. A ganina wannan basir ne mai jini, kuma ba abin tayar da hankali ba ne, domin masu magani suna cewa babu wanda ba shi da basir, sai dai na wani ya fi na wani tashi. Ka daina shan zaƙi da cin maiƙo, ka samu ganyen filasko ka jiƙa da tsamiya ka sha, zai wanke maka cikin tas. Ciwon bayan da kake ji ma basir ɗin ne yake kawo shi, kuma idan aka bar shi har ƙarfin namiji yake ragewa. Ni dai ban ga dalilin kai irin wannan asibiti ba, tun da can ba su san komai ba sai wuƙa.

Hajiya Mai Ritaya:

Ɗana Tela, sannu da jiki. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma irin bayaninka na ji shi daga bakin direbobi da masu gadi da mata masu jego ba iyaka. Zan bar wa likitoci maganar sunan cutar, amma akwai abin da za ka fara tun daren yau wanda ba zai cutar da kai ba ko da me binciken ya nuna.

Ka samu roba mai faɗi mai tsabta, ka zuba ruwan ɗumi wanda gwiwar hannunka za ta iya jurewa, ka zauna a ciki na minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, musamman bayan ka fito daga banɗaki. Kada ka zuba Dettol ko kanwa ko wani sassaƙe, kuma kada ruwan ya yi zafin da zai ƙona fata, domin ɗumin kawai ake buƙata ya saki tsokar wurin. Wajen tsarki ka yi da ruwa a hankali, ban da dirzawa, ban da sabulu mai ƙamshi.

Sai maganar ruwan sha. A irin zafin ƙasarmu mai zaman shago yana buƙatar aƙalla lita biyu a yini, wato ledar ruwa huɗu zuwa biyar, tun da kowace leda rabin lita ce. Ka ajiye gora kusa da keken ɗinkinka inda idonka zai riƙa ganinta. Abinci kuwa, ka koma wa tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa, da kwaɗon zogale ko rama, da fate mai ganye, da gwanda da goba da kankana da lemon da ake ci da totuwarsa. Idan za a kai niƙa, a ce wa uwargida kada a surfe hatsin ya yi fari fat, domin dusar nan da muke ba awaki ita ce hanji yake nema. Burodi da taliyar leda da farar shinkafa babu abin da suke bar wa hanji da zai riƙe ruwa, shi ya sa bayan gidan yake fitowa a bushe.

Kuma ka daina danne bayan gida. Hanji yana motsi da kansa bayan karin kumallo, to a wannan lokacin ka je, ka tsuguna, kada ka wuce minti biyar, kada ka shiga da waya. Idan masai na zama ne a gidanka, ka ɗora ƙafafunka a kan 'yar kujera ta tsuguno yadda gwiwoyi za su ɗara ƙugu. Game da kunya kuma, ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kana da damar ka ce likita namiji kake so.

Likitan Tiyata:

Malam Tela, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Duk abin da Hajiya ta faɗa daidai ne, ka bi shi. Bayaninka ya fi kama da tsagewar fatar dubura fiye da basir, ko da yake ana iya samun biyun tare, kuma sai an gani da ido kafin a tabbatar.

Ƙarshen hanji wata gajeriyar hanya ce da ba ta wuce kimanin santimita 4 ba. Sashenta na sama ba shi da jijiyoyin jin zafi irin na fata, na ƙasa kuwa yana cikin wurare mafiya jin zafi a jikin mutum. Basir na ciki daga sashen sama yake tasowa, shi ya sa mai shi yakan ga jini yana ɗiga ko yana feshi a masai ba tare da wani raɗaɗi ba. Tsagewa kuwa a sashen ƙasa take faruwa, lokacin da busasshen bayan gida ya yaga fatar, galibi ta ɓangaren baya. Da zarar ta tsage, zoben tsokar da ke rufe dubura sai ya ɗaure tamau, wannan ɗaurewar ita ce zugin da kake ji na awa ɗaya ko biyu, kuma ita ce take rage jinin da ke isa ga raunin har ya ƙi warkewa. Mutum ya ji tsoro ya danne bayan gida, hanji ya ci gaba da tsotse ruwan da ke cikinsa, ya ƙara tauri, ya sake yaga wurin da ya fara haɗewa. 'Yar fatar da ka ji a bakin wurin takan fito ne a ƙarshen tsagewar da ta daɗe, kuma yanke ta kaɗai ba ya warkar da komai.

Kumburin cikin daga wannan tushe yake. Idan bayan gida ya daɗe a babban hanji, ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a ciki suna ci gaba da ruɓar da shi suna fitar da iska, iskar kuma ba ta samun hanyar wucewa da sauƙi. Lemon kwalba, da cingam, da cin abinci da gaggawa suna ƙara iskar da ake haɗiya. Akwai kuma madarar shayi: manya da yawa a cikinmu hanjinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara sosai, sai ta sa su kumburi da ƙugin ciki, alhali nono mai tsami bai cika damunsu haka ba. Ka gwada barin madara na mako biyu ka gani.

Maganin tsagewa shi ne bayan gida ya riƙa fita da laushi kullum na tsawon mako 6 zuwa 8 ba fashi. Idan abinci da ruwa ba su isa ba, muna ba da maganin tausasa bayan gida irin su laktulos ko makrogol, sai dai shi laktulos yakan ƙara iska a kwanakin farko. Muna ba da man shafawa mai kashe zafi na lidokain na 'yan kwanaki, da wani man da ke sassauta tsokar domin jini ya isa ga raunin, wato na GTN ko na diltiyazem. Na GTN yana yawan sa ciwon kai, kuma bai halatta a haɗa shi da magungunan ƙarfin maza irin su Viagra ba, domin haɗuwarsu tana iya faɗar da hawan jini har mutum ya suma. Wanda duk wannan bai yi masa ba, ana yi masa ƙaramar tiyata a ɗan saki gefen tsokar, kuma fiye da tara cikin goma suna warkewa da ita.

Malam Abu Sumayya, ka faɗi wani abu mai ƙamshin gaskiya: kowane mutum an halicce shi da wasu matasai na jijiyoyin jini a cikin dubura waɗanda ke taimakawa wajen riƙe iska da ruwa. Ba cuta ba ne sai sun kumbura suna jini ko sun zazzago. Amma basir ba ya kawo ciwon baya, ba ya rage ƙarfin namiji, kuma zaƙi ba shi ne sanadinsa ba. Masu talla ne suke tattara duk abin da ke damun magidanci su ɗora wa cuta ɗaya domin kwalba ɗaya ta shiga kowane gida. Filasko kuwa magani ne na gaske, danginsa ne ake sarrafawa a yi ƙwayar senna ta asibiti, matsalar ita ce jiƙo ba shi da ma'auni: yana murɗa hanji ya sa zawo, zawon ya ƙara ƙona raunin, ruwan jiki ya ƙare, ciki ya sake ɗaurewa, wanda shi ne daidai abin da ya faru da Malam Tela. Maganar wuƙa ma ba haka take ba. Basir ɗin da ke jini kawai, ko wanda ke leƙowa ya koma da kansa, yawanci gyaran abinci ya ishe shi, ko a ɗaure shi da 'yar roba a ɗakin ganin likita ya bushe ya faɗi cikin kimanin mako guda. Sai wanda ake turawa da hannu ko wanda ya ƙi komawa gaba ɗaya ake yawan kai wa ga tiyata. Yankan wanzami a wannan wuri kuwa ina roƙon kowa ya guje shi. Mun karɓi waɗanda jini ya ƙi tsaya musu, da waɗanda wurin ya ruɓe, da waɗanda tabo ya tsuke musu hanya, da waɗanda aka yanke musu tsoka suka kasa riƙe bayan gida har abada, ban da haɗarin ciwon hanta ta hanyar aska.

Yanzu ga abin da ya sa ba zan ce ka tsaya a gida ba. Ganin basir ko tsagewa ba ya kore yiwuwar wata cuta a sama da su, kuma ka haura 40. Duba wurin ba ya wuce 'yan mintuna: za ka kwanta ta gefen hagu ka naɗe gwiwoyi, a rufe ka da zane, likita ya sa safar hannu ya duba. Tsagewa sau da yawa da ido ake ganinta, kuma idan zafin ya yi yawa ba a tilasta sa yatsa a ranar, sai a jinkirta har raunin ya lafa. Za a kuma auna yawan jininka.

Akwai alamun da ba a kwana da su ko kaɗan: jini mai yawa da guda-guda, ko jiri da bugun zuciya, bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari na daban, wanda ke nuna gyambon ciki yana zubar da jini, aman jini, ciki ya kumbura da amai, bayan gida da iska duk su tsaya, ko kumburi mai zugi a gefen dubura tare da zazzaɓi, wanda maruru ne da sai an fasa shi a asibiti. Ka gaya mana sunan maganin ciwon bayan da kake sha, domin ina zarginsa.

Ɗan Maradi:

Gaisuwa ga Likita da Hajiya. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma ina so in ƙara abu ɗaya saboda masu karatu waɗanda nasu jinin ya zo da zawo maimakon tauri. A wajenmu, musamman da damina, babban abin da ke kawo jini a bayan gida shi ne atuni. Mai atuni yana zuwa banɗaki sau da yawa, abin da ke fita kaɗan ne, gauraye da majina da jini, ga murɗar mara, kuma yana tashi yana jin kamar bai gama ba. Wani atunin ƙwayar amiba ce ke kawo shi, wani kuma bakteriya ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wata ƙwayar, jiyardiya, da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa, wadda ba ta sa jini amma tana kumbura ciki da gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Masu noman rani da masunta da yaran da ke wanka a tafki kuma, ban da tsargiyar da aka sani ta fitsarin jini, akwai nau'inta da ke zama a jijiyoyin hanji, tana sa jini a bayan gida, idan ta daɗe ta taɓa hanta da saifa. Maganinta prazikwantel ne, ana auna shi da nauyin mutum.

Abin da ke ba mu wahala shi ne mutum ya sha Flagyl na kwana biyu daga kemis, ya ji sauƙi ya bari, sannan ya kawo gwaji, lokacin da ba za mu ga komai ba alhali cutar tana nan. Na biyu shi ne yadda ake kawo samfurin. Har yanzu ana kawo mana shi a kwalin ashana tun na daren jiya, kwalin ya tsotse ruwan, ƙwayoyin sun mutu. A karɓi 'yar robar ɗakin gwaji, a ɗebo daga inda majina ko jinin yake, kada fitsari ya taɓa shi, a kawo cikin awa guda. Malam Tela, naka bai yi kama da atuni ba, amma gwajin ba shi da tsada, idan likitanka ya nema ka yi shi yadda ya kamata.

Maman Halifa:

Malam Tela, Allah ya ba ka lafiya. Ban san likitanci ba, abin da na gani a gidanmu zan faɗa. Yayan mijina yana da shekara 46 lokacin da ya fara ganin jini, kowa ya ce basir ne, shi ma ya yarda. Ya sha jiƙo iri-iri wajen shekara guda. Mu da muke kai masa abinci mu muka fara lura da cewa rigunansa sun yi masa yawa, tafin hannunsa ya yi fari, kuma buta ba ta rabuwa da hannunsa, ya shiga banɗaki ya fito ba a jima ba ya koma. Daga baya ya gaya wa ƙaninsa cewa bayan gidan ya zama siriri, jinin kuma ba ja ba ne sosai, a cakuɗe yake da shi. Ranar da aka kai shi asibiti, da yatsa kawai likita ya taɓo ƙarin, tun kafin a yi wani hoto. Ciwon daji ne na ƙarshen hanji. An yi masa aiki, yana raye, amma ta jaka a gefen ciki yake bayan gida yanzu, kuma likitocin sun ce da ya zo da wuri da wataƙila ba a kai ga haka ba. Ba ina cewa naka irin nasa ba ne, alamunku ma sun bambanta. Amma shi ma kunya ce ta zaunar da shi.

Tela Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na fara zama a ruwan ɗumi kuma zugin ya ragu. Likita, na duba kwalayen: ɗaya diklofenak ne, shi nake sha kullum, ɗayan kuma tiramadol ne wanda nakan sha idan aiki ya yi yawa. Ban rame ba, bayan gidan ba baƙi ba ne, ba na jiri. Sai dai maganar Maman Halifa ta tuna mini cewa mahaifinmu ciwon ciki ne ajalinsa yana da shekara hamsin da wani abu, ya rame sosai kafin rasuwarsa, kuma a ƙauye ya yi jinya, ba a taɓa kai shi asibiti ba. Wannan yana da alaƙa da nawa? Kuma wake da aka ce yana gyara ciki, ni idan na ci shi kumburin ƙaruwa yake yi.

Likitan Tiyata:

Malam Tela, magungunan nan biyu kowanne yana da hannu. Tiramadol, kamar kodin, yana rage motsin hanji, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke ɗaure cikin masu aikin ƙarfi da masu dogon zama. Diklofenak da danginsa, irin su ibuprofen da asfirin, suna cin bangon ciki, suna sa ƙwarnafi da kumburi, suna iya haifar da gyambo mai jini, shan su kullum kuma yana taɓa ƙoda. Ka ajiye diklofenak, ka koma farasitamol kafin ka ga likita. Tiramadol, tun da jefi-jefi kake sha, ka bar shi. Wanda ya saba shansa kullum ne ake janye wa a hankali a ƙarƙashin kulawa. Ciwon bayan kuma tsayin kujerarka da miƙewa kana ɗan takawa bayan kowace awa za su yi masa abin da ƙwaya ba ta yi ba.

Labarin mahaifinku, Allah ya ji ƙansa, ka faɗa wa likitan da zai duba ka kamar yadda ka rubuta shi a nan. Ciwon ciki da rama suna iya zama hanta ko tarin fuka na ciki ko wani abu daban, amma suna iya zama dajin hanji, kuma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan cuta haɗarinsa ya fi na sauran mutane. An daɗe ana ɗauka cewa cutar ta Turawa ce. Denis Burkitt, likitan tiyatar da ya yi aiki a Yuganda, ya yi suna a shekarun 1970 da bayanin cewa basir da dajin hanji sun yi ƙaranci a ƙauyukan Afirka saboda abincinsu mai dusa da ganye. Abincin biranenmu na yau ba shi ne wanda ya gani ba, kuma likitocin tiyata a Najeriya sun sha bayar da rahoton cewa masu wannan cuta a nan sukan zo da ƙarancin shekaru fiye da na Turai, da yawansu a ƙarshen hanji take, kuma akasari a makare suke zuwa. A Amurka ma a 2021 an rage shekarun fara binciken hanji ga mai lafiya daga 50 zuwa 45.

Saboda haka, da a gabana kake, zan yi maganin tsagewar tukuna, sannan in tura ka a leƙa hanjin da na'urar kolonoskofi ko da jinin ya tsaya. Siririn bututu ne mai kyamara, ana shan maganin wanke hanji kwana guda kafin a yi, ana ba da allurar da ke sa gyangyaɗi, kuma idan an ga ƙananan tsiron da kan rikiɗe su zama daji bayan shekaru, ana cire su nan take. Ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, kuma takardar turawa daga babban asibitin da ke kusa da kai za ta sauƙaƙa maka layi. Idan kafin lokacin ka ga rama, ko fari a ido da tafin hannu, ko majina da jini a cakuɗe da bayan gida, ko jin rashin gamawa, kada ka jira ranar da aka ba ka.

Wake kuwa yana da wani nau'in sukari da hanjin ɗan Adam ba ya narkarwa sai ƙwayoyin babban hanji, shi ya sa yake sa iska ga kowa, ya fi kuma tsanani idan ciki a ɗaure yake. Ka bar shi har bayan gida ya daidaita, ka fara da kuka da kuɓewa da gwanda waɗanda ba su cika kumbura ciki ba. Idan za ka dawo da shi, a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa shi ya yi luguf, ka fara da 'yan cokula kana ƙarawa a cikin mako biyu zuwa uku. Haka ma zogale da aya da sauran abinci mai dusa: idan aka ƙara su gaba ɗaya a rana guda ba tare da isasshen ruwa ba, kumburin ne zai ƙaru. Ranar da za ka je asibiti ka tafi da kwalayen magungunan biyu da kwalbar da ka saya a mota, likitan zai so ya gan su.